Yadda ake shuka tafarnuwa a cikin gida a Sakkwato, daga zaɓen iri har zuwa ajiya

Tafarnuwa shukar sanyi ce, mu kuwa nan Sakkwato sanyinmu ba ya daɗewa. Yana leƙowa a Nuwamba, ya kankama a Disamba da Janairu, kafin Fabrairu ya ƙare har an fara naɗe bargo. In Afrilu ya shigo kuwa, zafi sai ya haura digiri 40. Ita kuma tana buƙatar wata huɗu zuwa huɗu da rabi a cikin ƙasa kafin ta ƙosa. Ka ga ke nan babu rarar lokaci. Duk mai son shuka ta a gida, abin da zai fara riƙewa shi ne ya sa ta a ƙasa tsakanin farkon Nuwamba da makon farko na Disamba, tsakiyar Nuwamba ya fi. Taki da ruwa da maganin ƙwari duk suna da gyara idan an kuskure, amma lokacin shuka in ya wuce sai baɗi.

Ga dalili. Watanni biyun farko ganye kawai tafarnuwa take yi, kuma cikin sanyi take jin daɗin yin sa. Da zarar yini ya fara tsawo, ɗumi ya fara shigowa, sai ta daina fitar da sabon ganye ta koma tara abinci a gindi, nan ne take yin kai. Girman kan ya danganta ga yawan ganyen da ta samu ta fitar kafin wannan juyin. Wadda aka shuka a Nuwamba ta sha sanyin nan kaf, ta yi ganye ya ishe ta. Wadda aka shuka a Janairu kuwa tana da ganye huɗu ko biyar zafi zai riske ta, sai ka tono ƙaramin kai, wani lokaci ma ƙwaya ɗaya dunƙulalliya da ba ta rarrabu ba. Gaggawar shukawa a farkon Oktoba ita ma ba riba, domin ƙasa tana da sauran zafi da laimar damina, irin yakan ruɓe kafin ya tsira.

Zaɓen iri

A kasuwa kala biyu za ka tarar. Akwai 'yar waje, fara tas, mai manyan sala, wato 'ya'yan da ke cikin kan, mai sauƙin ɓarewa, akasarinta daga ƙasar Sin, wadda ita kaɗai ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya. Akwai kuma 'yar gida, ƙaramin kai, sala birjik ƙanana, ɓare ta sai mai haƙuri, amma kaɗan daga cikinta ya isa ya cika tukunya da ƙamshi. Ido zai ja ka ga ta farkon. Kada ka biye masa. An noma ta ne inda sanyi ke kaiwa ga ƙanƙara, kuma irin wannan sanyin take jira kafin ta yi kai. Ga shi ta yi watanni tsakanin ɗakin sanyi da jirgin ruwa, wata ma an yi mata abin hana tsiro. Ko ta tsira, sau da yawa ganye kawai za ka ci. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

'Yar gida ba ta da wuyar samu a wurinmu, tunda jihar nan tana cikin manyan masu noma ta a Najeriya. Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma a can aka rufe shi a 1837, yau in an ambace ta a bakin 'yan gwari, tafarnuwa ce ke fara zuwa rai. Haka Goronyo, inda madatsar ruwan da ke kan kogin Rima ke ɗauke da noman rani. In kana da wanda ka sani a can, ka aika ya sayo maka daga hannun manomi. In babu, ka shiga kasuwar Ramin Kura ka nemi dattijon da ke zaune gaban buhu, ka tambaye shi kai tsaye: "Baba, wagga 'yar gida ta? Ta bana ta?" Ta bana kake so, wato wadda aka cire a Maris ko Afrilun da ya wuce.

Kada ka bari a auna maka a rufe. Ɗauki kowane kai ka jinjina shi a tafin hannu, ka danna shi da babban yatsa ta kowane gefe. Mai kyau yana da nauyi da tauri, ɓawonsa ya bushe ƙayau. In ka ji wani gefe ya lotsa, salar da ke nan ta mutu. Juya gindin ka duba: in akwai baƙar ƙura ko farin kumfa a wurin saiwa, mayar masa da abinsa. Ga fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu, kai 15 zuwa 20 ya isa.

Wuri da ƙasa

Tafarnuwa tana son rana ta awa shida ko fiye a yini. A nan ne gidajenmu ke yaudarar mutum. Wurin da ka ga rana ta ƙwalle a kansa da damina ba lallai ya same ta da hunturu ba, saboda daga Nuwamba zuwa Janairu rana ta kudu take karkata. A Disamba, katanga mai tsayin mita biyu tana jefa inuwar kusan mita ɗaya da rabi ta gefen arewa ko da tsakar rana. Don haka kada ka yi fangali a gindin katangar kudu ta gidan. Gindin katangar arewa ya fi: rana tana dukansa yini guda, katangar kuma tana tare masa iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Ka nisanci gindin dogon yaro, ba don inuwa kaɗai ba, saiwarsa takan bi laima ta shigo fangali ta shanye ruwa da taki. Haka kuma wurin da aka cire albasa bara, domin cutar ruɓewar gindi ɗaya ce gare su, kuma takan zauna a ƙasa.

In akwai kaji ko awaki a gidan, zana ko ragar waya kafin komai.

Ka fara gyaran ƙasa mako biyu kafin ranar shuka. Sare ta da kalme zurfin taƙi guda, kamar santimita 20, ka farfasa hoge, ka tsince tsakuwa da ɓaraguzan bulo da leda. Kan tafarnuwa a cikin ƙasa yake buɗewa, duk abin da ya tokare shi sai ya karkace. Yawancin gidajen cikin gari ƙasarsu jigawa ce, ruwa na zuba yana wucewa, don haka fangali mai ɗan zurfi da kunya kewaye da shi, irin na masu lambu a Kwalkwalawa, shi ya dace. Wanda gidansa ke kusa da fadama, ƙasar ta zama laka, sai ya juya lamarin: ya gauraya ta da yashi da ɓuntun shinkafa, ya ɗaga fangalin sama kaɗan don kada ruwa ya kwanta.

Sai taki. Bokiti ɗaya zuwa biyu na takin shanu ko na awaki ya ishi fangalin nan, amma sai wanda ya ruɓe sosai. Gane shi ba wuya: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba wari, kuma in ka cusa hannu cikin tarin ba ka jin zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone iri, ɗanyen na shanu kuma yana gayyato gara. Ka ƙara toka kamar cikin tafi biyu. Mai son sa takin zamani, NPK 15-15-15 cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya ya wadatar wa mita biyun. Cakuɗa su duka da ƙasa, baje da manjagara, ka ba shi ruwa ya ƙoshi, ka bar shi. Cikin kwanakin nan 'ya'yan ciyawar da suka biyo taki za su tsiro, sai ka share su tun babu abin da za ka yi wa ɓarna.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, ko yake gidan haya, tsohon baho ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zai yi. Zurfin ƙasar ya kai santimita 25, a huda gindin wuri da yawa, a haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Abin lura kawai, baho yana saurin bushewa, kuma baƙar roba tana ɗaukar zafi in Fabrairu ya yi nisa, sai a naɗe jikinsa da tsohon buhu.

Ranar shuka

Kada ka ɓare kan sai ranar shuka ko ana gobe, saboda sala in ta rabu da 'yan uwanta ba ta jimawa take bushewa. Ɓare a hankali da yatsu, ba da wuƙa ba, kuma ka bar wa kowace sala rigarta. Ka kula da ɗan taurin nan na gindi inda saiwa za ta fito. Wadda nata ya ɓalle ba za ta tsira ba.

Yanzu ka yi kashi biyu. Manyan salar da ke zagaye ta waje su ne iri. Siraran na tsakiya a miƙa wa uwargida ta daka a yaji. Mutane da yawa suna jin asara ce a bar su, suna cusa komai a ƙasa, alhali ƙaramar sala ƙaramin kai take bayarwa, kuma wuri da ruwan da za ta ci daidai yake da na babba. In ka matsu sai ka shuka su, yi musu layi guda a gefe, ka matse su, ka riƙa yankar ganyen kana sawa a miya kamar lawashi. A dafa shi dai sosai. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana wanda ya ci tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda warin, kuma ganyen ma ba ya rasa nasa rabon.

Ka ba fangalin ruwa da yamma ana gobe shuka, don ƙasar ta kwana da laima ba tare da ta yi caɓi ba. Da safe ko bayan la'asar sai ka ja layuka da tsinke, tsakanin layi da layi santimita 15, tsakanin sala da sala santimita 10, wato faɗin tafin hannu. Fangalin zai ɗauki layi shida, kimanin tushe 120. Huda rami da yatsa, zurfin gaɓa biyu, santimita 3 zuwa 5. Sa sala a tsaye, tsinin yana kallon sama, gindin yana ƙasa. Wadda aka sa a kife za ta fito, amma sai ta ɓata ƙarfinta wajen lanƙwasowa, kanta kuma ya zo a murɗe. Rufe da ƙasa, ka danna kaɗan da tafin hannu, ka yayyafa ruwa. Daga nan ka baza ƙaiƙayin gero ko ɓuntun shinkafa sama-sama, kaurin yatsa biyu. Wannan rufin yana hana iskar hunturu busar da fuskar ƙasa, kuma yana rage maka kuɗin 'yan ga-ruwa.

Cikin kwana 7 zuwa 14 za ka ga koren tsini yana huda ƙaiƙayin. Gurbin da ya kai mako biyu shiru, tona ka gani. In ta ruɓe, maye da wata nan take.

Ruwa

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, a taƙin farko na ƙasa take yawo. Don haka ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. A jigawa, makonni biyun farko ka ba ta kaɗan-kaɗan kullum ko bayan kwana biyu. In ta kafu, sai ka koma bayan kwana uku ko huɗu, amma ka ba ta ta ƙoshi, ruwan ya ratsa ƙasa. Kada ka dogara da ƙidayar kwana kaɗai. Cusa yatsa a gefen tushe: in ka ji laima a gaɓa ta biyu, bari sai gobe, in yatsan ya fito a bushe, lokaci ya yi. Hunturu yana ruɗin mutum, ka ga gari ya yi sanyi ka ɗauka ƙasa ba ta jin ƙishi, alhali iskar nan ta fi rana saurin zuƙe laima.

Da safe ya fi, kuma a gindi za ka zuba, ba a kan ganye ba. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi ke kamuwa da tabon nan mai ruwan shuni da ke busar da shi daga tsakiya. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ba laifi. Ruwan wanki mai omo kuwa, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada su kusanci fangalin.

Lokacin da ruwa ya fi muhimmanci shi ne daga ƙarshen Janairu zuwa cikin Fabrairu, sa'ad da kai ke buɗewa. In ka bar ta ta bushe ƙamas a wannan gaɓar, sannan ka kwarara mata ruwa, kan yakan tsage.

Ciyawa da ƙarin taki

Ganyenta siriri ne a tsaye, ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa, saboda haka aya-aya da ƙiri-ƙiri suna cin karensu ba babbaka in an yi sakaci. Da hannu za ka cire, tun suna ƙanana, bayan an ba da ruwa. Kalme a tsakanin layuka masu santimita 15 saiwa zai yanke.

In ta kai mako huɗu, ka ba ta takin yuriya cikin kwalin ashana biyu ga fangalin duka. Ja ɗan layi tsakanin layukan, zuba, rufe, ba da ruwa, kada ƙwayar takin ta taɓa jikin shukar. Wanda ba ya son na zamani, ya jiƙa ruɓaɓɓen taki a bokiti kwana biyu ya riƙa zuba ruwan. Bayan mako na takwas kuwa, a ɗauke hannu daga taki gaba ɗaya. Na san da wuya, ganin ganye ya yi kore shar yana sa mutum sha'awar ƙarawa. To amma yuriyar da aka ba ta a makare ganye take ƙara wa ƙarfi, wuya ya yi kauri, kai ya ƙi ƙosawa, kuma in an cire ba ya ajiyuwa.

Ƙwarin da ke ɓoye a wuya

Babban abokin gabar tafarnuwa da albasa a noman rani ɗan ƙwaro ne da bai wuce tsinin allura ba. Ba za ka gan shi daga tsaye ba. Abin da za ka fara gani shi ne ganye ya yi zane-zane fari-fari mai ƙyalli, bakinsa yana bushewa yana murɗewa. Durƙusa, ka kama ganye biyu na tsakiya ka buɗa su a hankali har zuwa inda suka haɗu. In suna nan, za ka ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ruwan ɗorawa suna gudu suna nutsewa ciki. Sun fi yawa in ɗumi ya fara shigowa a Fabrairu, don haka daga tsakiyar Janairu ka riƙa leƙawa kowane mako.

A ɗan fangalin gida, inda yara ke wasa kuma ana cin ganyen, ban ga dalilin sayen maganin feshi mai guba ba. Daka busassun 'ya'yan dogon yaro cikin tafi biyu, jiƙa a ruwa lita biyu ya kwana, tace da tsumma, narka ɗan gutsuren sabulu a ciki don ya kama ganye. Fesa da yamma, ka nufi cikin wuyan nan inda suke ɓuya, ka maimaita bayan mako guda. Tushen da ka ga ya yi rawaya shi kaɗai tun lokaci bai yi ba, ka ja shi ya taho ba gardama, gindinsa ya ruɓe. Cire shi da ƙasar da ke kewaye, ka kai bola, kada ka jefa cikin tarin taki.

Cira

Wadda aka shuka a tsakiyar Nuwamba, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu take ƙosawa. Ganye zai fara bushewa daga ƙasa yana hawa, wuya ya yi laushi. In rabin ganyen ko fiye kaɗan ya bushe, tono guda ɗaya ka yanka ta a tsakiya. In salar sun rarrabu sarai, sun cika rigarsu ba gurbi, ta yi. In har yanzu farin ɓawon ya fi salar kauri, ƙara mata mako.

Kada ka jira ganye ya bushe duka. Kowane koren ganye da ya rage a sama, riga ɗaya ce da ke lulluɓe da kan a cikin ƙasa. In duk suka mutu, rigunan sun ruɓe, kan ya buɗe, ƙasa ta shiga tsakanin sala, irin wannan ba ya kai damina.

Ka yanke ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin cira. A jigawa ko baho mako guda ya isa. Ranar cira ka fito da sassafe. Kada ka fizgo ta ta ganye, wuyan zai tsinke ya bar kan a ƙasa. Soka kalme ko ƙaramin shebur daga gefe, nesa da tushe kaɗan, ka ɗaga ƙasar ta saki, sannan ka zaro da hannu. In laka ce ta ƙame, yayyafa mata ruwa kaɗan ana gobe. Karkaɗe ƙasar da yatsa. Ba a wanke ta, ba a kuma buga kai da kai, domin duk inda ya ƙuje daga nan ruɓa ke farawa. Waɗanda kalme ya sara, ware su a fara ci da su.

Shanya da ajiya

Ranar Maris ta Sakkwato dafa tafarnuwa take yi, sala ta koma ruwan ɗorawa ta yi laushi. Don haka a inuwa ake shanya ta, inda iska ke ratsawa: ƙarƙashin rumfa, ko zaure, ko baranda. Ɗaure su goma-goma da ganyensu ka rataye, ko ka baza a kan gadon kara ba tare da wani ya hau wani ba. Da bushewar iskarmu, mako biyu zuwa uku sun isa. Alamar ta gama ita ce wuya ya bushe ƙayau, in ka murza shi ba laima, ɓawon waje yana ƙara a hannu. Sai ka datse saiwa, ka yanke ganye ka bar wuya tsawon gaɓa guda. Mai so kuma ya kitse ganyen tun yana da sauran laushi ya rataye kitson haka nan.

Kafin ko ɗaya ya shiga tukunya, zaɓi kai 20 mafi girma da tauri ka ɗaure su daban, su ne irin Nuwamba mai zuwa. In ba ka ware tun yanzu ba, hannun mai girki manyan yake fara ɗauka. Ga shi kuma lokacin shuka ne iri ke tsada a kasuwa.

Sauran ka zuba a kwando ko buhun raga irin na albasa, ka rataye inda ba rana ba laima. Leda tana sa ta gumi ta ruɓe, firji kuma yana tayar da ita ta fara tsiro. Daga Afrilu zuwa Yuni ba ka da damuwa. Yuli da Agusta ne ake asara, lokacin da iska ke ɗauke da laima. Duk mako biyu ka sauke kwandon ka juye a tabarma, ka bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Wanda ya fara laushi ko ya yi baƙar ƙura a wuya, fitar da shi. Salar da ke da sauran kyau a cikinsa a ɓare a yanka sirara, a shanya su bushe, a daka da barkono a zuba a kwalba.